Sawun Hudu a Tsakar Gida

"Ɗanmusa, don girman Allah ka ajiye gangar nan!"

Muryar Rekiya ce, matar maƙwabcinmu Hudu, ta tsallako katanga ta iske ni zaune kan takardun neman aikin da na gaji da cikewa. Na shiga gidansu da gudu.

Hudu ɗan kokawa ne. Shekara goma sha tara yana shiga fage, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, Wurma da Rawayau, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Wata huɗu ke nan ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu, likita ya hana shi tsayuwa. Ɗanmusa makaɗinsa dubiya ya zo, ya ga yadda ya lalace, sai ya zaci kaɗa masa takensa zai ƙarfafa shi. Ya manta ɗan kokawa ba ya jin takensa ya ci gaba da zama.

Hudu ya riga ya bar kujera. Yana tsaye tsakar gida, gwiwoyinsa na rawa, 'yan unguwa sun cika ƙofa.

"Mahmuda," ya ce da ni, numfashinsa na sarƙewa, "kada ka bari in faɗi gaban mutane."

Na tallafe shi ta hammata.

"Ba nan ba, ɗan boko. Ƙugu ake kamawa. Mi suka koya maku a jami'ar?"

"Baba Hudu, ka zauna, don Allah."

"In gwiwata ta taɓa ƙasa ana kiɗan nan, an kada ni."

"Maigida, wa zai ce an kada ka?" in ji Rekiya cikin kuka.

"Ni." Ya waiwaya ga Ɗanmusa, wanda hannunsa ya tsaya cak. "Ƙarasa. Ba a yanke take a tsakiya."

Ɗanmusa ya ƙarasa yana hawaye. Na cusa kafaɗata ƙarƙashin ƙirjin Hudu, na rungume ƙugun. Na ji yana kalmar shahada bisa kaina, daga nan nauyinsa ya sauya. Ban taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar littattafai ba. Gwiwoyina suka nutse cikin yashi, amma ban sake shi ba, har maza huɗu suka ɗauke shi sama suka kai gado.

Muka kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Da safe na shiga gaisuwa, na tarar da Rekiya tana shara. Ta share ko'ina, sai wuri ɗaya tsintsiyar take kewayewa: sawun ƙafafu biyu manya, a gabansu kuma gurbin gwiwoyina.