Maɗaci Mai Lamba Goma Sha Tara

Tun ranar Litinin da matar nan ta ofishin gandun daji ta tsaya a gaban rumfarsa, Ma'aruf Dogara bai ƙara cika minti goma a wuri ɗaya ba. Ya zauna a benci, ya miƙe. Ya jera sassaƙen maɗaci a tabarma, ya wargaza, ya sake jerawa. Abokan sana'arsa na layin masu magani a Kasuwar Ogbete ta garin Inugu har sun fara tsokanarsa, wai ko cinnaku ne suka shige masa wando.

Matar, Madam Ude, ta zo ne da tsakar rana, da takalmin daji da wata jakar fata a hammata. Ta gaishe shi da Hausa tangaran irin ta Jos, inda aka haife ta ta girma kafin gudun shekarar sittin da shida, da rikici ya sa kowa ya koma yankinsu. Sai da ta tambayi gida da iyali da kasuwa, yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ke tafe da ita. Ita ce sabuwar mai kula da ƙidaya da awon itatuwa a gandun dajin da ke bayan tudun Inugu. A cikin gandun akwai wani yanki da ake kira Fili na Bakwai, inda kafin yaƙin basasa aka zaɓi maɗatai arba'in aka buga musu lamba, ana auna kaurinsu duk shekara don a san yadda daji ke girma. Takardun ofis sun ƙone a yaƙi, amma kwafi ɗaya ya ɓulla a Ibadan, kuma a ƙasan kowane shafi an rubuta sunan mai riƙe tef ɗin awo: M. Dogara.

Matsalar ita ce kuɗin mai sun sauka a gari, shekarar ce ma aka raba wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kowa na son gidan bulo. Wani ɗan kwangila ya sa ido a kan wannan gefen gandun. Ma'aikata ta ba Madam Ude zuwa Juma'a: ta nuna filin da shaida, aƙalla talatin cikin arba'in ɗin suna raye, a bar shi ga masu bincike. In ba haka ba katafila ta shiga. Sau uku tana zuwa da leburori suna bulayi. Turakun iyaka sun ɓace, fentin ya goge, lambobin gwangwani an ɓamɓare su tun lokacin yaƙi, kuma maɗatan gangaren sun fi ɗari uku, duk kamarsu ɗaya.

"Malam Ma'aruf, ko za ka iya gane wurin?"

Tana wannan tambayar ne tana tsaye a kan tabarmarsa, ɓawon itatuwan da take nema na shan rana a gaban takalminta. Ma'aruf ya ce shekaru sun ja, kai ya yi nauyi, a ba shi lokaci ya yi tunani. Ƙarya yake yi, kuma ƙaryar ko kyan gani ba ta da shi. Ranar Lahadin da ta wuce ma a Fili na Bakwai ya yi hantsi.

Ga yadda aka yi. Da ya dawo a saba'in da ɗaya daga Arewa, inda gudun ya kai shi, ya tarar da ɗakinsa na unguwar Ogui ba ƙofa ba taga, aikin gandu kuma an ba wasu. Sai ya koma sana'ar mahaifinsa, sayar da sassaƙe. Jiƙon maɗaci kuwa ba ya kwantai, musamman wajen samarin da ke kwararowa daga ƙauyukan Arewa suna dako da haƙan gini, ruwan Kudu na murɗa musu ciki. To mutumin da ya yi shekara takwas yana rungumar maɗatai arba'in da tef, ina zai nufa in yana neman ɓawo? Ƙafarsa da kanta ta kai shi. Yakan shiga ranar Lahadi, lokacin da masu gadi ke coci.

Yana da ƙa'ida, a yi masa adalci. Mahaifinsa ya koya masa a sassaƙa ta gabas kawai, faɗin tafin hannu, a shafe ciwon da laka. Akwai kuma wata ƙa'idar da ba wanda ya koya masa. Duk sanda ya ɗaga gizago, hannunsa ba ya yarda ya taɓa daidai ƙirji, inda tef ke zagayawa. Sai ya sara sama, ya sara ƙasa, ya bar ɓawon tsakiya kamar ɗamara. Bai taɓa tambayar kansa dalili ba, tunda a saninsa ba mai sake zuwa awo har abada.

Yanzu ga mai awo ta zo. In ya kai ta, zai kai ta ne gaban aikin hannunsa, kuma dokar gandu ya san ta ciki da bai, shi da ya sha raka masu gadi kama mutane. In bai kai ta ba, ranar Asabar katafila za ta kwantar da su duka, da masu tabo da marasa tabo.

Ranar Talata ya tafi masallaci sallar la'asar, ya dawo da takalmin wani. Ranar Laraba ya ba wata mata sassaƙen marke a madadin maɗaci, sai da ya bi ta da gudu har bakin titi. Da yamma matarsa Kubura ta ajiye masa tuwo, ya gutsura sau biyu ya tashi ya leƙa waje, ya dawo, ya sake tashi.

"Malam, ka ci ko ka ba ni kwanona," in ji ta.

Ya zauna ya gaya mata komai. Kubura ba ta cika son dogon zance ba.

"Da tabarma ɗaya da tukunya biyu muka dawo garin nan. Yanzu da muka fara ganin haske za ka ɗauki ƙafarka ka kai kanka? Ka ce ka manta. Wa zai buɗe kanka ya duba?"

"Za su nome su fa, Kubura."

"Su nome. Itace ne. Gwamnatin da ta dasa su ita ta sayar, kai mene ne naka?" Ta ja kwanon, ta kuma turo masa shi. "Amma na san ka. Mutumin da ke cewa lamba ashirin da biyu ya yi sabon ganye, kamar ɗansa ne ya yi haƙori. Ni dai in za ka je, ka sa tsohuwar riga, kada a tsare ka da ta Juma'a."

Bai ce zai je ba. Washegari Alhamis da safe yana hanyar kasuwa, sai ga tirela ta taso ta titin Ogui ɗauke da katafila, sabuwa fil, ruwan ɗorawa, ko ledar kujerarta ba a cire ba. Ta wuce shi ta nufi tudu. Ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana. Ya juya ya nufi ofishin gandu, da jakarsa a kafaɗa, da tsohuwar riga a jikinsa.

A cikin jif ya shirya dabararsa tsaf. Zai nuna wurin daga nesa, ya ce kamar dai ga shi can. In an ga tabo, ai an yi yaƙi, mutane sun yi shekara uku suna cin ganye da saiwa, wa ya san wanda ya sara me? Dabarar ta yi masa kyau har suka sauka a bakin gandu.

Daji ya rufe, ciyawa ta kai wuya, leburori biyu na gaba suna sara da adda. Ma'aruf ya yi niyyar ya ɗan yi ɓatan kai na ganin ido, amma ƙafarsa ta ƙi ba shi haɗin kai. Ta bi bayan suri, ta tsallake kwari, ta gangara hagu, har ya wuce masu addar suka koma bin sa. Bai ankara ba sai ga shi tsaye ya dafa wani maɗaci.

"Lamba ɗaya," ya ce.

Ɗaya daga leburorin ya dubi itacen, ya dubi na kusa da shi, ya tambaya da Turancin buroka yadda aka yi ya gane. "Na this one? How you take know?"

Madam Ude ta zagaya itacen a hankali. Ta gabas akwai tabo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an shafe su da busasshiyar laka, tsakaninsu ɓawo lafiyayye. Ta matsa ta tsaya jikin itacen, ɗamarar ta zo mata daidai ƙirji.

"Biyu fa?"

Ya yi taku goma sha biyu ya dafa wani. Shi ma haka, tabo sama, tabo ƙasa, ɗamara a tsakiya. Na uku haka. Maɗatan da ke tsakaninsu kuwa, waɗanda ba a taɓa ba lamba ba, ko ƙwarzane babu a jikinsu.

"Na yarda da kai, Malam," ta ce. "Amma ma'aikata ba za ta karɓi yardata ba. Za su ce tsoho ya nuna itace. Ina bukatar abin da zan ajiye a kan tebur."

Ma'aruf ya san abin da za a ajiye a kan tebur. Masu ɓamɓare lambobi gwangwanin suka ɗauka, ƙusoshin suna nan, ɓawo ya haɗiye su. Shi ya buga su da hannunsa, ta arewa, yatsa huɗu sama da layin tef. Sai dai adda ba za ta tono su ba tare da ta yi wa wurin awon ɓarna ba. Abu ɗaya ne zai iya, kuma yana cikin jakarsa. Ya dubi hanyar da suka fito, ya dubi itacen, ya gyara hula, ya sake gyara ta.

Ya zuge jakar ya fito da gizagon.

Sara uku ƙanana, ya ɗaga ɓawo kamar girman kwabo, sai ga kan ƙusa ya yi tsatsa, da ɗan guntun gwangwani maƙale a wuyansa. Madam Ude ta sunkuya ta duba. Daga nan ta miƙa hannu, ya ba ta gizagon. Ta ɗora bakinsa a kan tsohon tabon da ke sama, ya zauna daram, faɗi da faɗi. Leburorin suka dubi juna. Ta miƙa masa kayansa, ta buɗe jakarta ta ciro tef.

"Riƙe. Ka san aikin."

Suka shiga awo. Shi ke zagaya tef, ya ja ya daidaita, ya kira lamba da inci da ƙarfi kamar yadda ake yi a da, ita tana duba tsohon shafi tana rubutawa a sabo. Shekara tara rabonsa da tef, amma yatsunsa ba su manta ba. Wani ya ƙaru da inci goma sha ɗaya, wani da bakwai. Wanda ya fi yawan tabo ya ƙaru da uku kacal, ta faɗi hakan a fili, ya ji kunya har cikin ƙashinsa. Uku sun zama kututture tun lokacin yaƙi, an yi itacen girki da su. Ɗaya iska ta kayar, ɗaya wuta ta ci. Rana ta take, ta karkata. Ya yi azahar a gindin talatin da ɗaya, ya sallame ya miƙe ko addu'a bai tsaya ya ja ba.

Da suka gama na arba'in, ta ƙirga da bakin biro, ta sake ƙirgawa.

"Talatin da huɗu a raye, kowanne da ƙusarsa. Katafila sai ta nemi wani wurin." Ta yi ajiyar zuciya, ta ɗan yi murmushi, karo na farko tun safe. Sannan ta sake duba shafin. "Amma ka tsallake ɗaya. Daga goma sha takwas ka tafi ashirin."

Ya sani. Ya juya, suka bi shi zuwa bakin kwari.

Goma sha tara shi ne babbansu, a kansa aka koya wa Ma'aruf riƙe tef yana saurayi. Bara ne Falalu, wani mai magani na Kasuwar Ochanja a Anaca, ya aiko yana neman buhu shida a mako ɗaya, don leburorin da ke aikin bututun mai a Fatakwal. Ɓawon goma sha tara ya fi na kowa kauri. Ma'aruf ya sara gabas, bai isa ba, ya sara yamma, ya zagaya kudu da arewa, ya ce ai babba ne, zai jure. Yanzu ga shi tsaye fari fat, ba ganye ko ɗaya, an tuɓe shi daga sama har ƙasa, sai ɗamarar nan kaɗai a ƙirjinsa, ta bushe ta fara tsagewa.

Madam Ude ta daɗe tana kallon itacen. Ta sallami leburorin su je su jira a mota. Sai da ƙarar addarsu ta yi nisa ta ɗora biro a kan takardar.

"Akwai gurbin dalilin mutuwa. Iska, wuta, gara. Zan iya rubuta yaƙi, Malam Ma'aruf. Ba wanda zai tambaya."

Tun Litinin abin da yake nema ke nan, ga shi an miƙo masa a sauƙaƙe. Ya tuna Kubura da tukwanenta biyu. Ya kuma tuna cewa wata rana, bayan shi da matar nan duk sun kau, wani zai buɗe shafin yana son ya san abin da ke kashe maɗaci a wannan gangare, kuma abin da ya tarar shi zai ɗauka.

"Shekara huɗu bayan yaƙi yana da ganye," ya ce. "Rubuta Ma'aruf Dogara."

"Ka san inda takardar nan za ta je gobe?"

"Na sani."

Ta rubuta. Shi kuma ya matsa ya rungumi gindin, ya zagaya tef a kan busasshiyar ɗamarar, ya ja a hankali don kada ta ɓare, ya tsaya cak yana karanta lambar.

"Goma sha tara," ya kira. "Inci tamanin da huɗu. Ya mutu."