Ranar Wasiu ta Ƙarshe a Gindin Tanki

A shekarar da gwamnatin Gana ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasar, Wasiu na kula da tankin man gas a wani garejin manyan motoci a unguwar Adabraka da ke Ankara, babban birnin ƙasar. A Sabon Zongo aka yanke masa cibiya, amma da yake mahaifinsa mutumin Ilori ne, sai aka sa shi cikin baƙi. Ƙafarsa ba ta taɓa taka Najeriya ba.

Ana gobe za su tashi, ya zo gareji da safe kamar kullum. Baba Ziblim, wani tsoho Badagombe, ɗan ƙasa, da ke gadin wurin, ya ɗago ya dube shi.

"Wasiu, me ya kawo ka? Je ka taya matarka ɗaurin kaya."

"Baba, mai da ƙyar yake fita, filta ta toshe. Motocin da za su kwashe mutane a nan suke shan mai. In datti ya shiga inji, a daji za su tsaya da mata da yara."

Ya rufe famfon tanki, ya tura bokiti ƙarƙashi, ya kama murfin filta da sifana. Tsatsa ta cinye shi, ya ƙi motsi, sai da tsohon ya sa hannu suka murɗa tare. Baƙin ruwa mai kauri ya zubo. Wasiu ya zaro tsohuwar filta, ya goge gurbinta da tsumma, ya zura sabuwa ya ɗaure. Ya buɗe famfo, iska ta gama tari, mai ya fito garau.

"Ka ga yadda ake yi, Baba? Bayan damina sai ka sake."

Ziblim ya miƙo hannuwansa, suna rawa. "Da waɗannan?"

Wasiu ya waiga. Rumfar makanikai wayam, duk sun riga shi tafiya.

Yana cikin wanke hannu sai ga Garuba direba a guje.

"Yau za mu tashi! An ce hanyar Aflao, bakin iyaka, ta cushe. Matarka Mulikatu na tasha da yara."

Yammacin nan Wasiu ya ware don ya je kabarin mahaifiyarsa ya yi mata sallama.

"Je ka," in ji Ziblim. "Na san inda take kwance. Muddin ina numfashi za ta sami addu'a."

A bayan mota suka takure tsakanin katifu da tukwane. Inji na tafiya sumul, Ankara na ja da baya. Mulikatu ta matso kusa da kunnensa.

"Baban Alima, wa za mu nema in mun isa Ilori?"



"Sunan unguwar mahaifina kawai na sani," ya ce.