Kauci a Kan Gwaiba

Shekara ashirin da biyu Mai Allura ta yi a ɗakin ƙwari na cibiyar bincike, har warin kafur ya kama mata tufafi, ko an wanke ba ya fita. Aikinta ta kamo ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ruwan ganye, ta busar da su, ta kafe kowanne a kan allura, ta rubuta 'yar takarda a ƙarƙashinsa: ranar da aka kama shi da tsiron da yake rayuwa a kai. Ba ta da digiri, amma ko daga bakin ƙofa ta hango ƙwaro a kwalba za ta gaya maka danginsa. Duk mai tambaya teburinta yake nufa.

Sai ga Auta ta dawo daga karatu. Ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya a bayanta, ta kuma koya mata yadda ake kifa buɗaɗɗiyar laima a ƙarƙashin reshe a buga da sanda ƙwari su zubo. Aka ba Auta teburin da ke jikin taga, aka liƙa mata suna a ƙofa, kowa ya koma Dakta kaza, Dakta kaza. Masu kwalba suka riƙa wuce Mai Allura da sallama kawai. Ta yi murna a mako na farko, wannan gaskiya ne. Daga nan kuma kishi ya shige ta, kishi tsagwaronsa, irin wanda ke sa mutum ya ji haushin dariyar ɗan'uwansa.

Abu ɗaya ya rage mata wanda babu mai shi sai ita. A bayan ginin akwai wata tsohuwar gwaiba, a jikinta kuma take ganin wani jan ƙwaro mai farin layi a gadon baya, wanda ta duba duk littattafan ɗakin ba ta same shi ba. Shekara uku tana bibiyarsa, ta kama guda uku, dukkansu mata. A wannan sana'a kuwa sai an samu namiji an duba shi ake iya raɗa wa sabon ƙwaro suna. Ta ɓoye su a durowar ƙasa tana jiran ranarta.

Rannan Auta tana neman kafur ta jawo durowar.

"Kai! Yaya, wannan fa? A ina kika samo su?"

"A gwaibar baya," in ji Mai Allura, ba ta ko ɗago kai ba.

Ba ta yi ƙarya ba, amma ta rage magana. Ita da kanta ta koya wa Auta cewa inda ka ga babban ƙwaro wataƙila baƙunci ya zo, inda ka ga 'ya'yansa marasa fiffike nan ne gidansa. 'Ya'yan jan ƙwaron nan kuwa ba a ganyen gwaiba suke ba. Suna can sama a cikin kauci, tsiron nan da ke maƙalewa a reshen bishiya yana shan ruwanta. Dunƙule biyu ne a kan gwaibar, kuma babu wata bishiya a harabar da take da shi.

Auta ta kwashi akwatin ƙwarin da rawar jiki ta kai taron sashe. Shugaban sashe ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Ga sabon ƙwaron Dakta!"

"Ranka ya daɗe, Yaya ce ta kama su," in ji Auta.

"To, sannunta da ƙoƙari," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Mai Allura ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Aka yanke cewa za a gayyato wani masani nan da wata guda, kafin nan a nemo namiji. Da suka koma ɗaki Auta ta kawo mata 'yan takardu.

"Yaya, rubutunki ya fi nawa kyau. Sa mana sunan tsiron. Gwaiba ko?"

Maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta gwaiba sau uku, da kyakkyawan rubutun nan nata.

Ta riga ta tsara yadda abin zai kasance. Masani zai zo ya ce ina 'ya'yan, Dakta ta buga gwaiba har hannunta ya gaji ba ta samu ko ɗaya ba, ɗaki ya yi tsit. Sannan ita, marar digiri, ta miƙe ta ce a kawo tsani. Har ta tanadi karin maganar da za ta yi: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tana wanke kwalabe tana maimaitawa a ranta, tana murmushi ita kaɗai. Kullum da hantsi takan hango Auta ta taga tana fama da ƙananan rassa, ta dawo da laima cike da tururuwa.

"Yaya, ko lokacinsu ne bai yi ba?"

"Wa ya sani? Ke ce Dakta."

Saura mako guda masanin ya iso, Mai Allura ta yi kwana biyu a gida tana fama da mura. Ranar da ta dawo ta bi ta bayan gini don ta leƙa mutanenta na cikin kauci. Ta ɗaga kai, ta ga sama tarwai ta cikin rassa. Babu kauci, sai sabon sara fari fat a wuri biyu. A gindin katanga ga tulin toka.

Mai kula da lambu yana ban ruwa. Ta ce, "Baba, wa ya taɓa bishiyar nan?"

"Ai Dakta ce ta sa ni, 'yata. Ta ce abin nan zai kashe mata gwaiba. Na sare shi tas, na ƙone don kada ya sake tofowa. Ko ban yi daidai ba?"

Ta tsuguna ta tona tokar da ɗan kara, kamar akwai abin da zai fito. Tana nan Auta ta iso da takardu a hannu, fuska cike da fara'a.

"Yaya, ya jiki? Kin ga na yi wa gidan ƙwaronki gyara? Na ce wataƙila bishiyar ce ta raunana shi ya sa suka ƙi haihuwa. Duba nan kuma." Ta miƙa mata shafin farko na rahoton. "Shugaba ya ce ba a sa sunan ma'aikacin ɗaki a gaba. Na ce to a cire nawa ma. Jiya dai ya haƙura."

Mai Allura ta ga sunanta a sama, na Auta a ƙasa. 

"Auta, ba gwaiba ce gidansu ba. Kaucin ne."

Auta ta dubi rassan, ta dubi tokar.

"Yaushe kika gane?"

"Shekara uku ke nan."

"Ranar da na kawo miki 'yan takardun nan ki sa sunan tsiro, kin sani?"

"Na sani."

Auta ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta karɓi rahoton ta naɗe, ta shiga ciki ta fito da laima da sanda, ta miƙa wa yayarta laimar kamar yadda ita ta saba miƙa mata a da.

"Riƙe, Yaya. Ko akwai wanda ya tsira."

Suka bi rassan ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Busasshen ganye ya zubo, tururuwa ta zubo, da wani ɗan gizo-gizo. Auta tana buga reshe, ba ta kalli yayarta ko sau ɗaya ba, ita kuma ta kasa sauke laimar.