Ƙyallen da Ya Ƙi Ruɓewa

Tarin Fachtna ya shiga shekara ta biyu, bai kashe shi ba, bai kuma sake shi ba. Matarsa Gobnait ta yi duk abin da ake yi: albasa a tafasasshiyar madara, zuma, ciyawar teku, har kitsen dinya ta shafa masa a ƙirji. A banza! Mutumin da ke saɓa buhun dankali da hannu ɗaya, yanzu kofin shayi ma sai an riƙe masa.

Tun farkon ciwon ta yagi bakin rigarsa, ta goga masa a ƙirji, ta kai rijiyar waliyya da ke bayan gari, ta tsoma, ta ɗaure a itacen ƙayar da ke wurin. Kowa ya sani, yadda ƙyalle ke ruɓewa haka ciwo ke tafiya.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ta ja maƙwabciyarta, tsohuwa Hanora, su je su duba. Ƙyallayen mutane duk sun yi baƙi sun zagwanye. Nata kuwa fari fat, yana kaɗawa, alhali ko iska babu.

Hanora ta murza shi da yatsu. "Ke 'yar nan, daga wace riga kika yago wannan?"

"Wadda 'yarmu ta aiko daga Boston ta Amurka. Haba Inna, tsumma zan kawo wa waliyya?"

"Kin kashe ni da gwaninta! Nailan ne fa, yadin roba. Ni da ke za mu ruɓe a ƙasa, wannan yana nan yana rawa."

Gobnait ta kai hannu kan ƙyallen. "To in kwance shi mana."

"Kul! Wanda ya kwance shi zai kwashi ciwon. Kin fi ni sani."

Tsohuwa ta yi gaba da sandarta. Gobnait ta tsaya, tsoro ya cika ta. Ƙullin ya ƙi yatsa, sai ta sa haƙori ta kwance shi. Ƙyallen da ɗuminsa, kamar yanzu aka cire shi daga jikin mutum.

Da ta koma gida da ƙyallen a hannu, ta tarar da Fachtna durƙushe a bakin murhu, yana hura wuta da bakinsa, numfashi lafiya lau.

"Ina kika shige ne, Gobnait? Yunwa za ta hallaka ni!"

Ta buɗe baki za ta amsa, tari ya riga ta. Ba nata ba ne. Tarin nan ne mai kauri, na namiji, wanda ta gaji da ji ta bayan ƙofa.

Fachtna ya miƙe a hankali, ya ƙura wa hannunta ido.

"Me kika yi?"