Kwalbar Da Na Tuttular

'Yata shekararta huɗu. Ƙanƙara muke ce mata, don ba abin da take so kamar taunar ƙanƙara. Ni gyaran babur nake yi. In na dawo cin abincin rana sai ta tare ni a ƙofa, "Baba, ina tsarabata?" Tsarabar ke nan, ƙanƙara a leda.

Sai ta daina tarata. In ta yi taku biyar sai ta zauna tana haki. Muka kai ta asibiti. Nas ta ja fatar idonta ƙasa ta nuna mini, fari fat.

"Malam, jininta ya yi ƙasa. Cin ƙanƙarar ma alama ce. Ga maganin ƙarin jini, cokali ɗaya kullum har wata uku. A riƙa ba ta hanta, wake, ƙwai da ganye. Ka gane?"

Na ce na gane. Akwai layi a bayana.

Kwana huɗu da farawa, matata ta kira ni banɗaki. Kashin yarinyar baƙi ƙirin.

"Baban Ƙanƙara, maganin nan ƙona mata ciki yake yi."

Ni a aikina, in mai ya fito baƙi haka, to inji na cin kansa ne. Na ɗauki kwalbar maganin na tuttular a kwata. Yarinya har da tafi, dama ba ta son ɗanɗanonsa. "Yauwa Baba, ka kashe shi!"

Ban koma na tambaya ba. Kunya nake ji, kada a ce ban yi makaranta ba.

Bayan wata biyu zazzaɓi ya kama ta, ta yanke jiki ta faɗi. Nas ɗin nan muka sake samu. Da na gaya mata abin da na yi, sai ta ce:

"Bawan Allah, ai haka maganin yake yi wa kowa. Baƙin ba ciwo ba ne."

Aka ce sai an ƙara wa yarinyar jini, kuma babu irin nata a ajiye. Na miƙa hannu, aka gwada, nawa bai dace ba. Matata tana da ciki, ba a ɗibar nata. Na kira ƙanena ya zo a gwada nasa. Kafin ya iso daga wajen aiki, an riga an ja wa yarinyar zane har kai.

Matata ba ta taɓa cewa laifina ne ba. Kwalbar tana nan a kan taga, ta wanke ta.

Mai ƙanƙara har yanzu yakan tsaya a gaban shagona da rana. Ban iya gaya masa ba. Saya nake yi, in riƙe ledar har ta zama ruwa.