Tabon da Rana Ta Bar wa Yaya

Yayata ta yi shekara talatin da wani abu tana sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin babban titi, kuma rana ba ta raga mata ba. Ni da nake ɗinki a cikin shago, fanka na kaɗawa a kaina, na sha gaya mata ta riƙa sa malafa. Takan ce malafa tana hana ta ganin ganye da kyau. To ga shi nan: goshi ya yi layi-layi, fatar kumatu ta bushe ta yi kaushi, baƙaƙen ɗige-ɗige sun bazu har wuya. Babban cikinsu yana ƙasan idonta na hagu, faɗinsa kamar kan babban yatsa. Ya ɗan taso, in ka taɓa sai ka ji kamar busasshiyar laka.

Mijinta direban bas ne, mu duka Direba muke ce masa. Idan ya tashi aiki da yamma yakan biya ta lambun ya ɗauke ta. Kafin ta hau sai ya lashi babban yatsansa, ya goga a kan tabon nan, ya ce, "Mai Furanni, kin shafo ƙasa." Ita kuma ta buge hannun, ta ce, "Goge mana, in ka isa." Kullum haka, ba gajiya. Ni abin har ya ishe ni, na ce musu tsofai-tsofai da su ba sa jin kunyar fasinja. Ya ce wa Yaya, "Kashe mana Rediyon nan." Sunan da ya raɗa mini ke nan tun ina budurwa, wai ba a kunna ni, ba a kuma iya kashe ni.

Sai mantuwa ta kama shi. Da farko yakan wuce tasha bai tsaya ba, fasinja na buga masa jikin mota. Wata rana ya tsayar da bas a tsakiyar hanyar da ya bi rabin rayuwarsa, ya juyo yana tambayar mutane ina aka dosa. Daga nan aka sallame shi. Cikin 'yan shekaru sunaye suka zube masa ɗaya bayan ɗaya. Ni da ya saba tsokana, sai ga shi yana miƙewa in na shigo, yana ce mini, "Sannu da zuwa, Malama." Wallahi na gwammace zagin.

Abu ɗaya ne bai tafi ba. Da safe idan Yaya ta sunkuya tana ɓalla masa maɓallan riga, sai hannunsa ya tashi da kansa, yatsan ya sauka a kan tabon, ya goga sau biyu ko uku. Ya daina faɗin maganar, gogawar ce kawai ta rage. Yana gamawa kafaɗunsa su sauka, ya buɗe baki ta ba shi shayi da burodi. Idan ni na riƙe cokalin, leɓe yake damƙewa kamar yaron da aka kawo wa magani.

Amma da la'asar labarin yakan canza. Yakan zauna gaban hotonsu da ke kan talabijin, wanda aka ɗauka shekarar da suka yi aure, ita fuska sumul, tana dariya. Sai ya fara.

"Ina matata ta tafi?"

"Ga ni nan," in ji Yaya.

Ya dube ta, ya dubi hoton, ya yi murmushin ladabi. "A'a, Mama, ba ke ba. Waccan yarinyar."

Wannan "Mama" ita ce ta cinye Yaya. Zan ga ta shige kicin ta kunna famfo, ba abin da take wankewa. Macen da ke ɗaga buhun taki ita kaɗai, kalma ɗaya ta karya ta.

Wata ranar Asabar ta zo shagona, ta zauna a kan kujerar masu jiran awo, ta ce wata mai sayen furanninta ta yi mata bayanin asibitin fata. Akwai na'ura, leza ake ce mata, da ke gyara fatar da rana da shekaru suka lalata.

"Auta, za ki raka ni."

"Yaya, shi ne ba shi da lafiya, ke kuma za a ƙona? Ciwon a kansa yake, ba a fuskarki ba."

"Na sani."

"To me kike nema?"

Ta daɗe tana murza wani ƙyalle da ta tsinta a ƙasa. "Sau ɗaya kawai. Ya dube ni ya ce Mai Furanni. In ya faɗa sau ɗaya, ya koma ce mini Mama har in mutu, na yafe."

Rediyo dai ranar ta mutu da kanta. Na rufe shago na bi ta.

Asibitin a hawa na biyu yake, sanyin na'ura kamar cikin firji, bango cike da hotunan mata masu fuskar da ba ta taɓa sanin rana ba. Likitar ba ta yi mana daɗin baki ba, wannan na yaba mata. Yaya ta ciro hoton daga jaka ta ajiye a kan tebur, ta ce haka take so ta koma. Likita ta ce ba wanda zai iya mayar da ita haka. Ta yi bayani cewa na'urar ba ta ƙona fatar gaba ɗaya, ɗigo-ɗigo take hudawa, ƙanana ƙwarai, tana barin lafiyayyar fata a tsakani, daga nan sabuwa take tsirowa ta rufe wurin.

"Kamar tsaga ƙasa kafin shuka," in ji Yaya.

"Kusan haka. Layukan za su yi laushi, ɗige-ɗigen za su dusashe. Sai an yi kamar sau uku, da tazara a tsakani. Kuma ki sani, fata irin taki tana iya yin duhu in kika bar rana ta taɓa ta bayan aikin. Malafa da man kariya dole ne."

Ta ɗauko wani ɗan madubin dubawa mai fitila, ta leƙa babban tabon, ta ce ba mugu ba ne, kuma yana iya tafiya duka.

"Da shi za ki fara," in ji Yaya. "Kullum sai ya yi ta goge shi. Datti yake gani."

Aka shafa mata man kashe zafi fari fat, muka zauna jira har fuskar ta yi mata nauyi. Sannan aka kwantar da ita, aka rufe mata ido, ni ma aka ba ni baƙin tabarau na tsaya a gefe. Na'urar tana ƙara ƙas-ƙas-ƙas, ana bin goshi layi bayan layi kamar yadda nake bin bakin zane da keke. Ɗakin ya ɗauki ƙaurin gashi. Yatsun ƙafar Yaya ne kawai suke lanƙwashewa. Ni ce ma na yi ta surutu, har likita ta ce ko in yi shiru ko in jira a waje.

Kashegari fuskar ta kumbura, idanu sun ƙanƙance. Bayan kwana biyu ta yi duhu ta yi kaushi, sannan ta fara saɓa. Yaya ta ce ba za ta bari ya gan ta haka ba, ta ɓuya a ɗakin baya kusan mako guda. Ni na koma gidan da zama. Direba ya ƙi cin abin kirki, da ƙyar nake samu ya kurɓi shayi. Yana ta leƙen ƙofa, Yaya kuma tana bayan ƙofar tana jin motsinsa tana share hawaye da gefen mayafi, don an hana ta taɓa fuskar da hannu.

Ranar da ta fito, fatar ta yi haske, ta yi laushi, tabon ya kwanta ya koɗe. Ta sunkuya kan maɓallan rigarsa. Hannun ya tashi, yatsan ya yi ta yawo a kumatun kafin ya samu wurin. Direba ya ƙura mata ido, ya daɗe, goshinsa a tattare. Daga baya ya buɗe baki ya ci.

Ta jawo ni kicin. "Kin gani? Kin ga yadda ya tsaya yana kallona? Ya fara tunawa."

Na ga kallon, kuma ni ma haka na fassara shi. Rabon da in ga Yaya tana dariya har haƙoranta su fito, na manta.

Aka yi na biyu, ya ƙara daɗewa yana kallo, ita ta ƙara samun ƙarfin gwiwa. Ta sayi malafa mai faɗi, ta shafa man kariya safe da rana, macen da a da ko man leɓe ba ta sani ba. Masu sayen furanni suka fara tambayarta me take ci. Aka yi na uku. Da fatar ta gama saɓa, na dube ta a hasken taga na ce, "Yaya, yanzu kam sai a ce ni ce babba." Gaskiya aikin ya yi kyau. Ba ta koma yarinyar hoton ba, amma an sauke mata shekaru, kuma ƙasan idon hagu ya zama sumul, ba ko alama.

Da safen ta saka riga mai ruwan ganye irin ta cikin hoton, da ni ta sa na ɗinka mata. Ta ɗauko hoton ta ajiye kusa da shi a kan tebur. Ta sunkuya ta kama maɓallin farko.

Hannun ya tashi. Yatsan ya sauka a ƙasan idon, ya goga. Ya matsa sama, ya matsa gefe, ya tsallaka ɗaya kumatun, ya dawo. Ina tsaye da faranti ina kallo. Ya janye hannun a hankali ya ɗora a cinya, sannan ya kama wuyan rigarsa ya rufe, kamar wanda baƙuwa ta shigo wa yana sa kaya.

"Sannu, baiwar Allah," ya ce. "Bari, zan ɓalla da kaina."

"Ni ce. Dube ni da kyau. Ga hoton nan, dubi."

Bai ko kalli hoton ba. Ƙofa yake kallo. "Matar da take ba ni shayi, yau ba ta zo ba?"

Ta kai masa cokali, ya damƙe leɓe. Ta sake kaiwa, ya kawar da kai da ladabi, ya ce ya gode, zai jira.

Ya jira ranar, ya jira kashegari. Shayi kaɗan a hannuna, kaɗan a hannunta, ba bambanci, mu duka baƙi ne. Wandonsa ya fara yi masa yawa, na rage ƙugun. Mun koma wurin likita, Yaya ta tambaye ta ko akwai yadda za a mayar da tabon. Likita ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Da aka yi mata bayani sai ta cire tabarau, ta ce ba ta da na'urar da ke yin wannan.

Wata safiya na tarar da Yaya a tsakar gida gaban tukunyar fure. Ta ɗebo ƙasa a tafin hannu, ta ɗiga ruwa, ta kwaɓa. Ta miƙo mini.

"Ke kin fi ni ido. Sa mini daidai inda yake."

Na san wurin, na san faɗinsa, shekara nawa ina kallonsa. Na ɗora mata da ɗan yatsa, na gyara gefen, muka jira ya bushe. Daga nesa ba za ka bambance ba.

Ta shiga, na bi ta da faranti, ta sunkuya. Hannun ya tashi, yatsan ya sauka, ya ji kaushin. Na ga kafaɗunsa sun fara sauka. Sai ya yi abin da ya daɗe bai yi ba: ya kai yatsan baki ya lasa, ya mayar, ya ce da tsohuwar muryarsa ta bakin titi, "Kin shafo ƙasa."

Yaya ta rufe ido. Ta ce, "Goge mana, in ka isa."

Ya goga. Ƙasar ta fita.

Ya dubi yatsansa, ya dubi kumatun da ya zama sumul. Ya goge yatsan a wando, ya kama wuyan rigarsa ya rufe.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, na ɗauka wata ce," ya ce. "Nata ba ya fita."

Ban san lokacin da na ajiye farantin ba. Yaya ta miƙe, ta ƙarasa ɓalla masa maɓallan duk da yana ja da baya, ta fita.

Da rana ta take na fito nemanta. Tana zaune a kan bulo a tsakar gida, inda babu inuwa ko kaɗan, ta ɗaga fuska sama, ta karkata kumatun hagu. Malafar tana ƙasa kusa da ƙafarta.

"Yaya, likita ta ce..."

"Na ji abin da ta ce." Ba ta buɗe ido ba. "Auta, wancan shekara nawa ya ɗauka kafin ya fito?"

Na sani, ita ma ta sani, kuma mun san Direba ba shi da waɗannan shekarun. Na ɗauki malafar na kakkaɓe. Na tsaya a kanta ina riƙe da ita, ban sa mata ba. Daga cikin ɗaki muna jin shi yana tambayar ko matar ta zo.