Romon da Ya Ƙi Daskarewa

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Antonina tana dafa holodets ranar talatin ga Disamba, bai taɓa ba ta kunya ba. Ƙafar saniya da wutsiya, wuta ƙasa-ƙasa awa bakwai, a tsince ƙashi, a juye romo kan nama a tire, a kai baranda sanyi ya ƙarasa aikin. Kashegari sai da wuƙa ake yanka shi. Doka ɗaya ce tak: in an ɗora tukunya, ba a ƙara ruwa.

Mijinta, Yefim Lukich, ya san dokar nan kamar yadda ya san titunan birnin Ryazan da ya tuƙa bas a kansu shekara talatin. Amma jiya, da ta fita sayen lemo, ƙamshi ya ja shi kicin. Kofi ɗaya ya yi niyya. Na biyun shi ya kawo kansa. Da ya leƙa ya ga romo ya ja baya, sai ya ɗauki butar shayi ya cike gurbin, ya rufe, ya goge baki.

Yau ga sakamako. Gari ya waye da yayyafi, ƙanƙarar titi ta zama caɓi, holodets kuwa in ka taɓa tiren sai ya yi ta kai da kawo kamar ruwan wanke-wanke.

"Duniya ce ta ɗumama, Tonya," in ji Yefim, yana kiran Antonina da sunanta na gida. "Ko a talabijin sun faɗa."

"Firij ɗin ma ɗumama ya yi? Tun asuba na kwashe kwanuka na sa shi ciki. Dube shi!"

"To ko saniyar ce ba ta da ƙwari."

"Kai ka zaɓo ƙafar, tsoho."

Ƙarfe shida surukarsu za ta iso, uwar matar ɗansu, macen da kan ɗaga cokali ta duba bayansa kafin ta ci abinci. Antonina ta zauna kan kujerar kicin ta sa gefen atamfar girkinta a ido. Yefim ya ja tsaki a zuci. Kofi biyu! Mutum a gidansa, da tukunyarsa, a kan kofi biyu a yi zaman makoki.

Ga kuma ɗaya wahalar. Jikarsu Ulya, 'yar shekara biyar, tun safe take manne da taga tana jiran Ded Moroz, tsohon nan mai mulkin sanyi da ke kawo wa yara kyautar sabuwar shekara. Kuma kowa a gidan ban da ita ya san wane ne Ded Moroz.

"Zan je sayo burodi," in ji Yefim da ƙarfi, ya fita matattakala inda ya ɓoye kayan.

Doguwar riga shuɗiya da Antonina ta ɗinka da tsohon labule. Gemun auduga mai shiga baki duk numfashi. Sandar goge daɓe da aka naɗe da takardar cakulan mai ƙyalli. Kafin ya gama ɗaure ɗamara gumi ya jiƙa masa baya. Mai mulkin sanyi ke nan.

Ya buga ƙofa da sanda sau uku, ya shiga da murya mai kauri. Aka ɗora Ulya kan kujera gaban bishiyar da ta yi wa ado da taurarin takarda, ta karanto baitocinta huɗu ba tuntuɓe. Ya zura hannu a buhu zai ciro 'yar tsana.

"Bar ta tukuna," in ji Ulya. "An ce duk abin da sandarka ta taɓa sai ya daskare. Haka ne?"

"Haka ne mana, 'yata. Koguna ma..."

"To taɓa holodets ɗin Kaka Tonya. Kuka take yi."

Ya dubi matarsa ko za ta cece shi. Ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"Ga shi nan a firij, ranka ya daɗe," ta ce. "Mu ma mu ga ikon."

"Sandar... ba ta aiki in ana kallo," ya ce. Ya ɗauki tiren da hannu biyu, sanda a hammata, romo na ɗiga masa a takalmi, ya fice.

A matattakala ya tsaya yana huci. Mafita ɗaya ce, kuma a hawa na huɗu take. Zoya Markovna, gwauruwar da Antonina ta daina gaisarwa shekara shida, tun ranar da Zoya ta ce a gaban mata holodets marar karas, irin na Antonina, abincin asibiti ne.

Zoya ta buɗe ƙofa, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Lukich, gemunka ya karkace."

"Zoya Markovna, don girman Allah."

Ta tsoma ɗan yatsa a tiren ta lasa. "Wa ya ƙara ruwa?"

"Yanayi ne..."

"Yanayi mai gashin baki. Kofi nawa?"

"Biyu."

"Manya ko ƙanana?"

"Ke alƙaliya ce? Kina da shi ko ba ki da shi?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, sannan ta ɗauko nata. Farin tire mai baƙin baki, irin na Antonina sak, don shekara guda aka kawo su kanti kowa a benen ya saya. Ya daskare tamau, ko kifa shi ka yi ba zai motsa ba.

"Ke fa, me za ki ci?" ya tambaya.

"Ni da kyanwa? Ɗauki ka tafi kafin audugarka ta faɗa ciki."

Ya sauko ya dire tiren a tebur, ya buga sanda a ƙasa. Ulya ta danna shi da yatsa, ta daka tsalle.

"Ya daskare! Kaka, duba, har taurari ya sa a ciki!"

Sai a lokacin Yefim ya duba. Karas ne, an yanka shi tauraro-tauraro, jere reras a ƙarƙashin romon. Ya ji gumin bayansa ya yi sanyi, karo na farko a ranar.

Antonina ta yanki ɗan gefe ta tauna a hankali. Ta dubi yarinyar da ke rawa da 'yar tsanarta, ta haɗiye.

"Sanda mai albarka," ta ce. "Har tafarnuwa take ƙarawa. Ulya, je ki nuna wa 'yar tsanarki bishiya."

Da yarinyar ta fita, ta matso har audugar na taɓa mata goshi.

"Tukunyar nan akwai ƙarce a cikinta, daidai inda romo kan tsaya bayan awa biyar. Jiya na dawo na tarar ya haura ƙarcen. Romo ba ya haihuwa, Yefim."

"To tun jiya kin sani, kika bar ni ina..."

"Ina jiran in ga bakinka zai faɗa. Ka ɗora wa duniya, ka ɗora wa saniya. Yanzu ka kwashi asirina ka kai hawa na huɗu."

"Ita da kyanwa ne kawai a can," ya ce.

Antonina ta dubi taurarin karas. Ta ja dogon tsaki.

"Ba a cin girkin mace a bar ta a sama. Koma ka ce ta sauko ƙarfe shida. Ka ce ni na ce, kuma kada ta yi mini zancen asibiti."

"In cire kayan nan tukuna."

"Haka za ka je. Ka dawo da tirena, gobe miya zan yi da shi. Kuma Kaka Yefim ya ce burodi ya tafi saye, kada ya shigo mini hannu rabbana."

Ƙarfe shida aka zauna. Surukar ta duba bayan cokali, ta ci, ta nemi ƙari. Zoya da Antonina suka kama musu kan tafarnuwa kamar jiya suka rabu. Da tire ya zagayo gaban Yefim ya miƙa faranti, sai Antonina ta tsallake shi ta zuba wa Ulya.

"Kaka Yefim fa?" in ji yarinyar.

"Ya sha nasa tun jiya," in ji Antonina. "Miƙa masa burodi."